Ruwan Beteraga na Teodosia

Shekara talatin Teodosia ta yi tana sayar da ruwan ganye a ƙofar kasuwar garinsu, can saman duwatsun Peru. Ta san na ciwon ciki, ta san na sanyin ƙashi, amma abin da ya yi mata suna shi ne na ƙarin jini: beteraga, wata saiwa ja wur mai kama da dankali, a markaɗa da ganyen ciyawar alfalfa, a tace, a zuba zuma. Ita kanta ba ta karya kumallo sai da shi. Ba maƙaryaciya ba ce. Ta yarda da abin da take sayarwa, kuma wannan yardar ce ta cuce ta.

Herminia, 'yarta ɗaya tilo, tana da cikin wata shida lokacin da leɓɓanta suka yi fari. In ta hau tudun gidansu sai ta tsaya sau uku tana haki. A ɗakin shan magani nas Nelida ta soki yatsarta, ta ce jininta ya yi ƙasa sosai. Ta ba ta ƙwayoyi, ta ce ta riƙa cin hanta da dafaffen jinin kaza.

Kwana huɗu da fara sha, bayan gidan Herminia ya koma baƙi ƙirin. Nas ta riga ta faɗa wa Herminia haka zai faru, amma Teodosia ba ta wurin. Ta yanke hukunci cewa ƙwayar mai zafi ce, tana ƙona ɗan jinin da ya rage, ga ƙonannen nan yana fita. Ta kwashe su ta watsa a rami, ta fara ba 'yarta kofi uku a rana na nata ruwan.

Casilda mai sayar da cuku a gefenta takan tsokane ta. "Ƙawata, kin mai da yarinyar nan zomo? Kullum ciyawa." Teodosia takan ce ta ji da cukunta mai tsami.

Da fitsarin Herminia ya fara fita ja-ja, uwar ta yi murna har ta kai kyandir coci. A ganinta jini ne ya cika har yake tumbatsa. Launin beteraga ne kawai yake wucewa, ba komai ba. Herminia ba ta koma awo ba, don tana kunyar a tambaye ta ƙwayoyi, kuma ba a yi mata tarbiyyar musa wa uwa ba.

Ta haihu ranar Talata da hantsi, namiji, ƙarami amma da rai. Jini ya ƙi tsayawa. Da mace mai ƙarfi ce, da ta jure abin da ta zubar. Herminia ba ta da abin zubarwa. Aka sa ta a motar dankali zuwa asibitin gunduma, tafiyar awa biyu. Mijinta Fortunato yana ramin ma'adinai, ko an kira shi ba zai iso ba sai jibi.

Likita ya tsayar da zubar, amma ya ce sai an ƙara mata jini yau, kuma ma'ajiyarsu babu irin nata. An aika birni, motar ba za ta zo ba sai gobe. Teodosia ta naɗe hannun riga tun kafin ya gama magana. Ta ce su ɗiba son ransu, duk gundumar nan babu mai jini irin nata.

Aka soki yatsarta. Yarinyar da ta yi gwajin ta duba, ta sake dubawa.

"Mama, ba za mu iya ɗiba ba. Ke ma naki bai kai ba. Magani ya kamata a ba ki."

Teodosia ta ce na'urar ce ta lalace. Aka kawo wata, ita ma haka ta nuna.

Ta koma ɗakin da aka kwantar da 'yarta, ta zauna a bakin gadon. Hannun Herminia sanyi ƙalau. Yarinyar ta buɗe ido da ƙyar.

"Inna, sun ɗiba?"

"Sun ɗiba, 'yar nan. Suna tacewa ne."

Herminia ta gyaɗa kai, ta ce a gaya wa Fortunato ya sa wa yaron sunan kakansa. Ba ta kai faɗuwar rana ba.