Kejin Khanun

Wari ne ya fara yi wa Saichon maraba tun ba ta sauko daga bayan babur ba. Mai babur ɗin ya ja wuyan riga ya toshe hanci, yana cewa ai nan ne gidan mai tausayin nan da duk ƙauyen ke alfahari da ita. Saichon ba ta gaya masa uwarta yake nufi ba.

Karenta ta zo ɗauka. Lokacin da ta samu aiki a masana'antar kifin gwangwani can kudu, mai gidan hayar ya ce ba ya son dabba, sai ta bar Khanun a hannun mahaifiyarta, Mae Bunruean. Yanzu ta koma inda babu mai hana ta. Duk sanda ta bugo waya amsar ɗaya ce: yana nan lafiya, har ya yi ƙiba.

Ƙarƙashin gidan, tsakanin ginshiƙan katakon da mahaifinta ke ɗaura ragar kishingiɗa kafin rasuwarsa, yanzu kejina ne an jibga wasu kan wasu. Fitsarin na sama kan na ƙasa yake sauka. Kyanwoyi sun cure wuri guda, kwantsa ta like musu idanu. Ga shinkafa ta yi tsami a faranti, ƙudaje sun rufe ta. Abin da ya fi tayar mata da hankali shi ne rabin karnukan ko haushi ba su yi ba, kallonta kawai suke.

Mae ta sauko daga matakala, ta rame, duk ƙafafunta cizon ƙuma. Saichon ta haɗa tafin hannu ta gaishe ta, sannan ta tambayi Khanun. Tsohuwar ta waiga nan, ta waiga can, ta nuna wani jan kare. Khanun kuwa baƙi ne.

*

Tana cikin duba kejinan ɗaya bayan ɗaya sai ga Lung Prasit, maƙwabcinsu, da kwali a hammata. Daga zuba wa sufayen addinin Buddha sadakar shinkafar safe yake, fuskarsa sai sheƙi. Karyarsa ce ta sake haihuwa. Ya ajiye kwalin 'ya'yan gaban Mae, yana zuba mata kirarin cewa ladanta ya fi ƙarfin lissafi.

Haka mutanen garin suka iya. Kashe rai zunubi ne, a kai karya a juya mata mahaifa ma wai ɗaukar alhaki ne. To sai a kwaso 'ya'yan a sauke wa tsohuwar da ba ta iya cewa a'a, a koma gida da hannu fes da zuciya wasai. Kowa ya san abin da ya sa ba ta iyawa. Bayan an ƙona gawar mijinta ta yi mafarkinsa ya dawo duniya a kare, yana kartar ƙofa cikin ruwan sama. Da bakinta ta ba su labari a haikali, wurin ibadarsu, su kuma suka mayar da mafarkin bolar zubar da abin da ya ishe su.

"Lung, ba ka jin wari ne?" in ji Saichon.

"Ke kuma 'yar birni, daga zuwa sai iyayi? Taimakon uwarki muke ta tara lada."

"In ladan na da daɗi haka, ka bar wa kanka mana."

Ya yi dariya, ya ce kifin gwangwani ya ƙara mata kaifin baki.

A can ƙurya ta sami Khanun, a kejin ƙasa. Da ɗan farin gashin ƙirjinsa ta gane shi, don sauran gashin duk ya zube. Faratansa sun lanƙwasa sun shige tafin ƙafa. Karen da ke raka ta kasuwa a guje, yana tsallake kwalbati, shi ne wannan. Ta kira sunansa, jelarsa ta ɗan motsa.

Mae ta riƙe mata hannu, ta ce babu wanda zai fita daga gidan nan, waje akwai motoci, akwai masu guba.

"In kuma ubanki ne fa?" in ji Mae.

"In Baba na cikinsu, Mae, to ke kika kulle shi yana kwana cikin kashinsa."

Tsohuwar ta sake ta. Saichon ta ji nauyin maganar, amma ba ta janye ta ba.

Ta ciro Khanun ta kai shi kan ciyawa, inda rana ke bugawa. Ya yi ƙoƙarin miƙewa, ƙafafun baya suka ƙi. Ya dubi sararin fili, jikinsa ya ɗauki rawa. Sai ya juya yana jan ciki, ya wuce ta gefen ƙafarta, ya koma cikin kejin ya naɗe.

"Kin gani ko?" in ji Mae, har da ɗan murmushi. "Nan ya fi so."

Lung Prasit ya gyaɗa kai kamar wanda aka wanke a gaban alƙali.

*

Da kejin ta ɗauki Khanun, a bayan a-kori-kura. Da suka isa gidanta ta wanke shi, ta yanke masa farata, ta sa filaya ta cire ƙofar kejin gaba ɗaya ta jefar.

Damina ta wuce. Gashinsa ya fara tsirowa, ƙafafun ma sun ɗan yi ƙarfi. Kullum da yamma takan ajiye kwanon abincinsa taku ɗaya daga bakin kejin, ta zauna a ƙasa tana kiransa. Shi kuma ya ɗora haɓa a inda ƙofar take a da, yana kaɗa mata jela, yana jira. In abincin ya huce sai ta tura masa kwanon ciki.