Kunnen Agogon Tsoho Matthey

Sau biyu Odile Perrenoud tana narka zinariyar nan, sau biyu ƙanenta Fernand yana kai ta bakin tagar arewa ya dawo yana girgiza kai.

Aikin ba wani babba ba ne. Tsoho Matthey ne ya kawo agogon mahaifinsa, ɗaya daga cikin kunnuwan da ke riƙe maɗauri ya karye, sai an ƙera sabo da zinariya irin ta jikin agogon. A Le Locle, garin maƙera agogo, ko mai sayar da cuku ya san launin irin wannan zinariya hawa uku ne. Jan ƙarfe ya yi yawa, zinariya ta zama ja. A rage shi a ƙara azurfa, ta zama ruwan wardi. A ƙara ragewa, ta koma ruwan hoda. Shekara arba'in Odile tana raba su da kallo ɗaya. Bana yanar ido ta fara rufe mata gani, komai ta kalla sai ta ga rawaya-rawaya, kuma taurin kai ya hana ta zuwa asibiti.

"Yaya, wannan ma ya yi ja," in ji Fernand. "Sai ka ce an liƙa wa agogon tumatir."

"Hasken ƙanƙara ne yake ruɗa ka."

"Ƙanƙarar da aka haife mu a cikinta? Idonki ne, Yaya. In na uku ya ɓaci zan aika garin Bienne su haɗa da na'ura, ke kuma ki koma goge-goge."

Maganar ta ƙona mata rai, don ta san gaskiya ya faɗa. Goge-goge! Ita da ta koya masa riƙe hantsaki.

Ta zauna ta buɗe bayan agogon. Tun da ido ya ci amanarta, ta runtse shi. Ta ɗauki siririn magagari ta ja shi sau ɗaya a can ciki, inda ba mai gani. Sannan ta ja shi a kan kunnen da ta ƙera. Nata ya yi gardama, ya yi ƙara mai kaifi, don jan ƙarfe taurara zinariya yake yi. Na tsohon agogon kuwa laushi gare shi, magagari ya wuce sumul. Ashe ruwan hoda ne, gumin shekara saba'in ne ya rina fuskarsa.

Ta rage jan ƙarfe, ta ƙara azurfa, ta narka. Ta gwada da magagari, bai yi mata ba, ta sake. Fernand ya leƙo da maganar abincin rana, ta kore shi da hannu.

Da ta liƙa kunnen ta goge agogon kaf, sai ta miƙa masa. Ya daɗe a bakin taga yana juya shi.

"Wai wanne ne sabon?"

"Kai mai ido, nemo shi."

Ya nuna na hagu. Na dama ne.

Odile ba ta yi dariya ba. Ta karɓi agogon ta kai shi dab da fuskarta, ta juya shi ta kowane gefe. Aikin da ya fi kowanne kyau a rayuwarta, amma ita rawaya kawai take gani.

Ta ajiye shi ta cire rigar aiki.

"Fernand, kira likitan idon nan. Ka ce masa Litinin, kuma da idona na dama zai fara."