Yatsan Ƙaramar Likita

Ɗakin hoton haƙori bai fi ɗakin ajiya girma ba: kujera ɗaya, na'ura mai dogon wuya a jikin bango, babu ko taga. A nan Ƙaramar Likita ta share shekara tara. Marasa lafiya ne suka laƙaba mata sunan. Ita dai 'yar ƙanwar likitan ce, shi ya riƙe ta tun rasuwar mahaifiyarta, shi ya koya mata aikin.

A ƙa'ida, ana saƙala fim ɗin da hoton ke fitowa a kai a mariƙin roba, mara lafiya ya ciza, mai ɗauka ta koma bayan bango sannan ta danna maɓallin na'urar. To amma mariƙin yana sa mutane yunƙurin amai, hoto ya lalace, Kawu ya yi ta faɗa. Sai ya nuna mata hanya mai sauƙi: ta danne fim ɗin da yatsa a cikin bakin, shi ya danna daga waje. Illar hasken na'urar kaɗan ce ga mai zuwa sau ɗaya a shekara. Ita kuwa kullum ne, safe da yamma. Yanzu farcen manuninta ya tsattsage, fatar gefensa ta bushe ta ƙi warkewa. Kawu ya duba, ya ce sabulu ne.

Ranar da mai bincike za ta zo daga hukuma, Kawu ya ɓare sabon mariƙi. Ya buɗe aljihun tebur ya ɗauko ɗan bajin da ke auna hasken da jikin ma'aikaci ya sha, wanda a nan yake kwana, a nan yake wuni. Ya miƙa mata.

"Maƙala. In aka rufe ɗakin nan, ba ni kaɗai zan ji a jiki ba. Kin dai gane."

"Na gane, Kawu."

Mai binciken doguwa ce, mai tabarau. Ta duba takardun bajin ta jinjina kai. "Fes! Kamar ba kya shiga ɗakin. To, ɗauki guda ɗaya in gani."

Wanda layi ya zo kansa wani tsohon direba ne da ya saba zuwa. Ƙaramar Likita ta lulluɓa masa rigar dalma, ta saka mariƙin a bakinsa. Ya yi kakari, ya tofo shi a cinya.

"Kai! Yau kuma linzami za ki sa min? Ni jaki ne?"

"Yi haƙuri, Baba, ciza kaɗan."

"Da wane haƙorin? Sauran huɗu ne, biyu ma suna rawa. 'Yata, sa min yatsanki kamar kullum mu rabu lafiya."

Kawu ya yi wata dariya daga bakin ƙofa. "Tsufa kenan. Baba, wani asibitin kake tunawa."

"Ni? Na manta sunan jikana, ban manta wannan yatsan ba."

Mai binciken ba ta yi dariya ba, ba ta kuma dubi Kawu ba. Ta matso, ta rage murya. "Ƙanwata, kamar kullum?"

Ƙofa ɗaya ce, Kawu ya cika ta. Ƙaramar Likita ta dubi takalmansa, waɗanda ita ta goge da safe. Ta ji yatsan yana zugi a cikin safar hannu.

"Ba kullum ba," ta ce daga ƙarshe. "Ran Lahadi ba ma buɗewa."

Aka manna takardar rufewa a ƙofar ɗakin, aka rubuta wa Ƙaramar Likita asibitin da za ta kai hannun gobe. Da yamma ta kashe fitilu ta fito. Motar Kawu na tsaye, injin yana aiki, bai ɗago ya dube ta ba. Ba ta da wani gidan. Ta buɗe ƙofar baya da hannun hagu, ta shiga.