Abin da Ya Ci Tahiru Mai Inji

"Kai ɗan wane ne?" in ji Tahiru, yana riƙe da kofin kokon da ya manta bai sha ba.

Chindo ne aka yi wa tambayar. Shekara sittin katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu a Cadawa, yau ga shi ana tambayarsa sunan ubansa. Ya zauna bakin tabarma yana duban maƙwabcin nasa yadda yake duban zangarniyar da tsutsa ta ci. Ta ina ta shiga?

'Yan unguwa sun ce tsufa ne. Chindo bai yarda ba, don ya girmi Tahiru da damina biyu, kuma har yau ya san kowane gawo na gonarsa. Wasu sun ce iska ce. Wannan ma bai shige shi ba.

A zaure ya tare Fadila, ɗiyar Tahiru da ke aiki a likita, wato asibiti. Ta ce ba abu ɗaya ba ne. Akwai hawan jinin da babanta ya ƙi shan maganinsa. Akwai ƙarar injin niƙa ta shekara talatin da ta kashe masa kunne. Da ya daina ji, sai ya daina fita majalisa, ya koma zaman ɗaki shi kaɗai. Ta ce tsari na Allah ne, amma in an tari waɗannan da wuri, hatsarin yana raguwa.

Chindo ya tuna shi ma ya daɗe da rage shigowa, don ya gaji da ɗaga murya.

"Baba, sau uku na faɗi zancen kunnen nan kafin ka juyo," Fadila ta ce wa Chindo.

"Tunani nike."

"Shi ya sa kake miƙo mini na dama?"

"Ke, ban son rashin kunya."

Ranar Laraba da hantsi Tahiru ya cika. Wajen sallar gawa Chindo bai ji sallamar liman ba. Yana nan tsaye ƙyam sai da ya ga sahu ya watse.

Bayan sadakar uku ya sa babbar riga, ya ce wa iyalinsa kasuwa za shi. Bai tsaya ko'ina ba sai likita. Benci cike yake da mata masu goyo, suka matsa masa. Fadila ta leƙo, ta gan shi.

Layi da saura, amma tuni ya naɗe hannun rigarsa har kafaɗa, ya ɗora damtsen bisa gwiwa yana jiran awon hawan jini.