Kwanson Harsashi a Ramin Surajo

Ba don Allah Surajo ya fara haƙa ramin nan ba, don haushi ne. Tun da ya kama gida da ɗan shagonsa na kayan masarufi a bayan Jiwa, ruwan wanke-wanken matarsa Lantana yake bi ta ƙofar maƙwabcinsu, wani tsohon soja mai ɗingishi da ake kira Baba Zacharias. Tsohon ya yi magana, ya sake yi, ƙarshe ya kai ƙara wurin mai unguwa. Aka ce Surajo ya haƙa sokawe, wato ramin da zai riƙa shanye ruwan. Daga ranar ko gaisuwa ba ta sake haɗa su ba.

Ran nan da hantsi Surajo ya ɗauki diga yana sara yana mita. Ramin ya kai masa gwiwa ke nan ya ji ƙwal! Ya sa shebur ya kwaso, sai ga wasu ƙananan ƙarafa dogaye kamar yatsu, sun yi kore shar, suna zubowa tare da jar ƙasa. Da wani lanƙwasasshen ƙarfe mai huda biyu. Ya ɗauki ɗaya ya goge a wando, ya duba da kyau. Kwanson harsashi ne, kuma ba ɗaya ba, ba goma ba.

Da ma shiru ya yi. Ina! Salati ya saka da ƙarfi, wata mai sayen maggi ta leƙo ta katanga, shi ke nan magana ta fita.

To, a watannin nan unguwar ba ta barci da ido biyu. Masu garkuwa da mutane sun shiga wani ƙauye a kusa, ana ta raɗe-raɗin suna da mai kai musu labari a cikin gari. Ga Surajo baƙo, daga Katsina, mai sayar da burodi da katin waya. Kafin ya fito daga ramin, tsakar gidansa ta cika. Oga Yamusa, shugaban 'yan sintiri, ya iso da gora a hannu.

"Malam Surajo, na waye wannan?"

"Wallahi tallahi, Oga, yanzu na tono su. Ban san da su ba."

"A cikin gidanka? Tonowa kake ko binnewa?"

Wani daga baya ya ce dama shi tun tuni bai yarda da shagon nan ba. Mutumin da jiya-jiyan nan ya sha lemo a bencin Surajo yana ba shi labarin ƙwallo! Lantana ta tsaya a bakin ɗaki ta dafe ƙirji. Surajo ya san abin da ke gabansa sarai. In an yi masa da sauƙi, a rufe shi, shago ya mutu, su kwashe komatsansu su bar gari da sunan infoma. In ba a yi da sauƙi ba, ba zai kai ofishin 'yan sanda da ƙafarsa ba.

Sai aka ji sandar Baba Zacharias, ƙwas, ƙwas. Mutane suka dare masa. Surajo ya ce a ransa, yau kam ta ƙare, tsohon nan ya samu yadda yake so.

Tsohon bai ko dube shi ba. Ya ja turmi ya zauna da ƙyar, ya miƙe ƙafar mai ciwo.

"Madam," ya ce da Lantana, "kawo mini lemun tsami da toka kaɗan."

Ya ɗauki kwanso ɗaya ya dinga murza gindinsa da yatsa, a natse, kamar mai wanke tukunyar da ya saba da ita. Koren ya fita, tagulla ta bayyana. Ya ɗaga shi sama ya ƙanƙance ido, sannan ya miƙa wa Yamusa.

"Idona ya mutu. Kai karanta. Lamba biyu na ƙasa."

"Shida... da takwas."

"Shekarar da aka ƙera shi ke nan. Sittin da takwas. Mai shago, an haife ka lokacin?"

Surajo ya girgiza kai.

"Ni ma'ajiyar makamai na tsare har na yi ritaya," in ji tsohon. "Duba bakinsa, Yamusa. Ka ga yadda ya tattare kamar ƙullin leda? Wannan ba ya da kan da zai fita ya kashe mutum. Na atisaye ne, ƙara kawai yake yi. An harba shi tuntuni, ga lotsawar a gindi. Wancan ƙarfen kuma kan bel ne, irinsa na ɗaura ina kurtu. Wasu samari ne suka yi horo a nan wurin yana daji, suka watsar suka tafi. Saiwar ciyawa ma ta shige cikin wannan, ga ta."

Ya zaro siririyar saiwar ya nuna. Yamusa ya juya kwanson, ya sake juyawa, ya sauke gorarsa ƙasa.

"To Baba, ai duk da haka sai an kai wa hukuma."

"Dole. Ku zuba a buhu. Da ni za a je, ni zan yi bayani. Mutumin nan da ruwan datti ya dame ni, ban taɓa ganin wani abu a wurinsa ba bayan wannan."

Aka yi 'yar dariya. Mutumin nan da ya sha lemo jiya ya sulale ya fice. Lantana ta zauna daɓas a dokin ƙofa tana kuka tana "Allah ya saka, Baba, Allah ya saka da alheri."

Surajo kuwa godiya ta cika masa zuciya. Bai taɓa jin son wani mutum ya kama shi farat ɗaya irin na wannan tsoho mai faɗan tsiya ba.

Suka fito, Yamusa a gaba da buhu. A ƙofar gidan tsohon ruwan nan yana kwance, baƙi ƙirin, da kumfar sabulu da guntun shinkafa. Baba Zacharias ya tsaya, ya kafa sanda a tsakiya, yana neman inda zai jefa ƙafar mai lafiya. Da gani ka san kullum haka yake yi.

Surajo bai tsaya cire takalmi ba. Ya shiga cikin ruwan tsamo-tsamo, ya riƙo hannun tsohon da hannu biyu ya tsallakar da shi.

"Baba," ya ce, "in Allah ya yarda, yau ce rana ta ƙarshe da za ka tsallaka ruwan nan."

Tsohon ya dube shi sama da ƙasa, bai saki hannun ba.

"Ka dai haƙa a hankali, mai shago. In ka sake jin ƙwal, ka kira ni kafin ka yi salati."