Fuskar Mama a Babban Allo

A kantin talabijin da Kaifi yake aiki akwai wani jan salatif manne a ƙasa, taku ɗaya daga gaban babban allo. Shi ya manna shi da hannunsa. Duk wanda ya shigo yana tambayar ko 8K ta fi 4K, sai Kaifi ya tsayar da shi a kan layin, ya kunna masa bidiyon da kamfani ya aiko, na wani tsuntsu yana karkaɗe ruwa daga fiffikensa.

“Dubi kaifi, ranka ya daɗe! Ɗigo miliyan talatin da uku. Gashin tsuntsun nan ma sai ka ƙirga shi.”

Daga nan sunan ya bi shi. Abin da ba ya faɗa wa kowa shi ne, da zarar mutum ya ja baya taku huɗu, inda kujera take zama a kowane falo, ido ba ya raba wannan da waccan. Tashoshi ba sa watsa irin hoton, masu wasan gem kuwa na'urarsu sai ta riƙa nishi. Kaifi ya san haka sarai. Amma mutum ya shekara shida yana maimaita magana ɗaya, ai wata rana sai ta shige shi.

Baban Kaifi mai gyaran agogo ne, shekara arba'in yana tsintar ƙusoshin da ba su kai ƙwayar yashi ba. Yanzu hawan jinin ido ya kama shi. Likita bai ɓoye musu komai ba: ganin yana tsukewa ne daga gefe, kamar mai leƙe ta bututu, bututun kuma kullum ƙara matsewa yake, abin da ya tafi ba ya dawowa. Baba bai yi ƙorafi ba. Abu ɗaya kawai ya taɓa cewa, wai fuskar Mama ta fara ɓace masa a zuci, shekara huɗu ke nan da rasuwarta, ita kuma mace ce da ba ta yarda a ɗauke ta hoto.

Ana cikin haka Kaifi ya tsinci tsohuwar wayarta a ƙasan durowa. A cikin memorin akwai bidiyo ɗaya, sakan arba'in. Mama ce tana shanya a bayan gida, ta juyo tana dariya tana kare fuska da rigar Baba, tana cewa, “Kai, daina mana! Ba ka da aikin yi ne?”

Ya kai wa Yaya, babbar yayarsu da ke kula da Baba. Ta kalla sau uku tana share hawaye da bakin mayafi.

“Tashi mu kai masa yanzu.”

“A wannan ɗan gilashin wayar? Haba Yaya! Mutumin da idonsa ya yi rauni? Bari in kawo masa abin da zai gan ta kamar tana tsaye a gabansa.”

“Ka nuna masa yau, gobe ka kawo duk abin da za ka kawo.”

“In ya fara gani a nan, an ɓata abin. Manaja ya ce da sabon samfuri ya iso zai ba ni aron talabijin ta gwaji na kwana biyu. Sati biyu ne kacal. Don Allah kar ki faɗa masa.”

Yaya ta yi masa faɗa, ta yi lallashi, ya kafe. Memorin ma a aljihunsa ya tafi da shi. Kaifi ba mugu ba ne, wallahi don ƙauna ya yi. Sai dai ƙaunar tasa ta gauraye da son a ce shi ne ya yi.

Sati biyu ya zama huɗu, kaya ba su iso ba. Huɗu ya zama bakwai. Duk ranar da Yaya ta kira, amsarsa ɗaya ce: saura ƙiris.

Ranar wata Asabar da hantsi shi da direban kanti suka shigo da talabijin a karkace, don ƙofar falon ta yi mata kaɗan. Ta cinye bango guda, har sai da aka sauke agogon da Baba ya rataye tun kafin a haife su. Kaifi ya auna taku ɗaya ya ajiye kujera, kamar yadda hannunsa ya saba. Yaya ta riƙo Baba ta zaunar da shi.

“Wace hidima ce haka, ɗan nan?”

“Baba, Mama za ka gani.”

Tsohon ya ɗago kai. Sannan ya gyara wuyan rigarsa, ya shafa gemu, kamar wanda aka ce masa ga baƙuwa a ƙofa.

Kaifi ya danna rimot. Hoton tsohuwar waya da aka shimfiɗa a kan wannan ƙaton allo ya farfashe, igiyar shanya ta zama matakala. Inda hoton ya gaza, talabijin ta cike gurbin da nata ɗigon, ta goge tabon da ke goshin Mama, ta shafe fuskar sumul kamar ta 'yar tsana. Ko shi mai ido biyu bai ga uwarsa a ciki ba.

Baba yana ta juya kai sama da ƙasa, irin juyin da yake yi in ƙusa ta faɗi masa a tebur.

“Ina ganin haske. Ga wani abu ruwan ƙasa mai faɗi. Mene ne shi?”

“Kumatunta ne, Baba.”

“Ina idon?”

Idon yana can sama, kamu biyu daga inda yake kallo. Mai leƙe ta bututu aka kawo wa fuska mai girman ƙofa! Yaya ta ture Kaifi gefe, ta ja kujerar baya har jikin bango. Aka sake kunnawa. Baba ya ce yanzu hazo kawai yake gani.

“Ba ni memorin,” in ji Yaya.

Ta saka shi a wayarta ta damƙa wa Baba. Ya kawo ta kusa da hanci, ya miƙa ta nesa, ya karkata ta wajen taga. Ya sa aka ɗauko masa gilashin aikinsa na da, ya maƙala a ido. Sakan arba'in suka ƙare. Aka maimaita, suka sake ƙarewa.

“Akwai wani abu yana motsi,” ya ce a hankali. Ya cire gilashin ya riƙe a tafin hannu. “Yaushe kuka samo shi?”

Yaya ta sunkuyar da kai. Kaifi ya so ya ce jiya, bakinsa da ya saba da sayar da kaya ya ƙi buɗuwa da ƙarya.

“Sati bakwai, Baba.”

“Sati bakwai.” Tsohon ya juya fuskarsa wajen bangon da aka sauke agogo. “Lokacin ina karanta lambobin agogon can daga nan inda nake zaune.”

Da ma zagi ya yi da ya fi sauƙi. Kaifi ya durƙusa a gabansa. Baba ya lalubo kansa ya dafa.

“Wannan abin naka, yana da murya mai kyau?”

“Yana da ita, Baba.”

“To ƙara min sauti.”

Ya jingina da kujera ya rufe ido. Allon ya ci gaba da haska bangon falon, babu mai kallonsa, Mama kuma tana dariya tana cewa a daina.