Papa a Sama, Manman a Ƙasa

A ƙasar nan komai sau biyu ake faɗinsa. Ka shiga ofis a gaishe ka da Turanci, a sake gaishe ka da Faransanci. Ko korarka za a yi, sai an kore ka sau biyu cikin ladabi. A Ottawa aka haife ni, cikin haka na tashi, a da har alfahari nake yi da abin. Yanzu kuwa da na ji an haɗa gaisuwar nan biyu sai raina ya ɓaci.

Mahaifina Cuthbert mutumin tsibirin Sent Lusiya ne, ya yi tuƙin bas a garin nan har ƙarfinsa ya ƙare. Mahaifiyata Yolène 'yar Haiti ce, ta yi aikin girki a wata makaranta. A wurin hukuma shi mai Turanci ne, ita mai Faransanci, saboda haka aka rubuta harsunan ƙasashensu. A gida kuwa babu mai taɓa ko ɗaya. Kiriyol suke yi, harshen gida na ƙasashensu, nasa da nata sun ɗan bambanta, kuma sun tsufa suna gardamar na wane ne na gaske. Manman, wato mahaifiyata, takan ce Turawan Ingilishi sun tauna nasa sun tofar.

Papa ba ya cin abinci sai an zage shi. Manman za ta ajiye masa kwano, ya harɗe hannu, ya ce gishiri ya yi yawa tun bai ɗanɗana ba.

"Ci, tsohon banza, kafin in ba kare."

"Ai ba mu da kare, Yoyo."

"To ka gode wa Allah."

Sannan ya ɗauki cokali. Tun ina yarinya haka nake gani, safe, rana da yamma.

Da tsufa ya kama su, mantuwa ta zo musu kusan tare. Turancin Papa ne ya fara zubewa, har ya zama ba ya gane mai kawo wasiƙa. Faransancin Manman ya bi baya. Abin da ya rage musu shi ne harshen da aka goya su da shi. Da Manman ta faɗi ta karye a ƙugu, ni kuma ga aiki, dole na nema musu wuri a wani gidan kula da tsofaffi a unguwarmu ta Vanier.

Gidan yana da tarihin rigima. Masu Turanci da masu Faransanci sun taɓa kai ruwa rana a kansa, aka sasanta da raba shi: hawan sama na Turanci, na ƙasa na Faransanci, kowane da kwamitin 'yan uwan tsofaffi masu gadin gadajensu kamar kaza da ƙwanta. Aka kai Papa sama, aka bar Manman a ƙasa. Shugabar gidan, Madam Thériault, ta ce in kwantar da hankalina, da zarar an samu gurbi za a haɗa su.

Kullum da na tashi daga aiki nakan je in turo Papa a keken guragu in sauko da shi. Manman ta zage shi, ya ci. Abincin safe da na rana kuwa yadda aka kawo haka ake ɗaukewa. Ma'aikatan sama ba su da mugunta, lallashinsa suke yi da Turanci mai taushi, shi kuma yana kallonsu kamar rediyo ke magana. Na ce musu su zage shi. Wata nas ta yi dariya ta ce aikinta zan raba ta da shi. Kafin sanyi ya kankama wandonsa ya fara zamewa daga ƙugu.

Ana nan sai tsohuwar da ke ɗaki ɗaya da Manman ta rasu. Gado ya samu, taku biyu daga nata. Na ruga wurin Madam Thériault, ta ce ba ta da iko, sai kwamitocin biyu sun zauna.

Zaman nan har in mutu ba zan manta da shi ba. Mista Pringle ke jan na Turanci, Madam Séguin ke jan na Faransanci, kuma kowa ya san ba sa ga maciji. An ba taron awa ɗaya. Gaisuwa sau biyu, godiya sau biyu, ban haƙurin waɗanda ba su zo ba sau biyu. Daga nan aka shiga muhawarar harshen da za a sa a sama a allon sabon ɗakin cin abinci. Ina zaune ina kallon agogo, ubana yana sama da kwanon da bai taɓa ba. Da aka zo kaina lokaci ya kusa ƙarewa. Na yi bayani da Turanci, na gama, sai aka roƙe ni in maimaita da Faransanci. Na maimaita.

Madam Séguin ta ce tana tausaya mini, amma idan aka sauko da mai Turanci ɗaya, gadon Faransanci ɗaya ya tafi ke nan, kuma da haka aka cinye su a wurare da yawa. Ta ce kakanninta sun sha wuya kafin a bar su su yi karatu da harshensu. Gaskiya ta faɗa, ni kaina a makarantunsu na yi karatu, shi ya sa maganar ta fi ƙona ni. Wanda ya san zafin a raba shi da harshensa ne yake yi mini wannan lissafi. Mista Pringle ya ce su ma ba za su iya ɗaukar Manman a sama ba, don sai an samo mata mai jin Faransanci a kowane zubin aiki.

"Ba ta jin Faransancin," na ce. "Shi ma ba ya jin Turancin. Junansu kawai suke ji."

Madam Thériault ta dafa hannuna. "Mun sani, Fabiola. Amma a nan dole mutum ya zama ɗaya daga cikin biyun."

Ranar ce bakin Pringle da Séguin ya fara zuwa ɗaya. Suka miƙa maganar ga ƙaramin kwamiti, bayan hutun Kirsimeti. Na faɗa musu abin da ke raina da harsunan nasu biyu, ban rage komai ba, kuma ba na nadama.

Bayan Kirsimeti mura mai tsanani ta shiga gidan, aka hana zirga-zirga tsakanin sama da ƙasa. Mai ziyara ma hawa ɗaya zai zaɓa a rana. Na gwada haɗa su ta waya. Papa ya juya wayar yana neman inda matarsa ta ɓuya, Manman kuwa ta ce ita ba mahaukaciya ba ce da za ta zagi gilashi.

Ranar sabuwar shekara na dafa miyar kabewa yadda mutanen Haiti ke yi, wadda Papa ya shekara hamsin yana kushewa yana neman ƙari. Na hau sama da ita da zafinta. Ya harɗe hannu, ya ce gishiri ya yi yawa. Na ɗauka an dace. Na tattaro ɗan Kiriyol ɗin da nake da shi, wanda bai taka kara ya karya ba, don da Turanci da Faransanci suka tura ni makaranta wai in zama mutum. Na ce masa ya ci kafin in ba kare.

Ya kalle ni. "Yarinya, ba kyau zagin manya. Ina Yoyo?"

Miyar ta huce a gabansa. Bai ga ƙarshen watan ba.

Da safen da za a gaya wa Manman rasuwar Papa, Madam Thériault ta ce za ta raka ni. A hanya take sanar da ni, idonta da ƙwalla, cewa ƙaramin kwamitin ya zauna, har ya amince a sauko da Papa na wucin gadi. Ihu bayan hari. Na ci gaba da tafiya, don na san idan na buɗe baki za a kira mini masu gadi.

Manman tana zaune a bakin taga, gadon kusa da ita a gyare, babu kowa a kai. Madam Thériault ta tsaya ta yi ta'aziyya da Faransanci, mai tsawo, mai kyau. Sabo ya ja ta, ta sake yi da Turanci. Manman ta saurara har ƙarshe, sannan ta juyo gare ni.

"Me matar nan take so? Ce mata ta yi sauri. Tsohon banzan can ya ci abinci kuwa?"

Na durƙusa a gabanta na riƙe hannuwanta. Da karyayyen Kiriyol ɗina na gaya mata. Sau ɗaya na faɗa, kuma ta ji.